Tsuntsun da Ya Koyi Kukan Gidansu da Girma: Yadda Kishin Ƙasa Ya Shiga Rubutaccen Kiɗan Turai

Ranar 12 ga Agusta, 1881, gobara ta tashi a rufin sabon gidan wasan ƙasa da ke bakin kogin Vltava a Prag, babban birnin Cekawa. Wata biyu ke nan da buɗe shi. Wuta ta cinye rufin, ta cinye dandamali da zauren 'yan kallo, mutanen gari suna gani ba yadda za su yi. Shekara 30 aka yi ana karo-karon kuɗin wannan gini, daga ƙauye har birni, attajiri ya sa nasa, malamin makaranta ya sa nasa, mai aikin ƙarfi ya jefa ɗan abin da ya samu. Wani zai zaci daga nan gwiwa ta yi sanyi. Sai ga shi cikin kwana 47 an sake tara gulden miliyan ɗaya, kuɗin daular Ostiriya na wancan zamani, kuma ranar 18 ga Nuwamba, 1883, aka sake buɗe ƙofa. Har yau rubutun da ke saman dandamalin yana nan da harshen Cek, kalma biyu tak, ma'anarsu: al'umma ta yi wa kanta.

Me zai sa talaka ya rage daga abin sawa a bakin salati ya bayar don a gina ɗakin kiɗa da wasa, har sau biyu? Amsar tana cikin wani sauyi da ya auku a Turai a ƙarni na 19, lokacin da kiɗan da Turawa ke kira na kilasik ya suɓuce daga hannun sarakuna ya zama wurin da al'ummai marasa tuta suke shelar cewa suna nan da ransu. Ni zan kira shi rubutaccen kiɗa, don Bahaushe ya san bambancin rubutacciyar waƙa da waƙar baka, kuma kusan bambancin ke nan a nan ma. Mutum ɗaya ne zai zauna ya rubuta abin da kowane makaɗi zai yi, mai goge da mai sarewa da mai ƙaho da mai tambari, wani lokaci mutum 80 ko fiye, a kan takarda da wasu alamomi na musamman, yadda ko bayan shekara 200 za a buɗe takardar a sake jin abin da ya tsara. Idan an haɗa shi da wasan kwaikwayon da ake rera maganganunsa, sunansa opera. Idan kiɗa ne zalla mai tsawo, kashi-kashi, sukan ce simfoni.

Kafin 1800 wannan kiɗa ubangida gare shi, ba ƙasa ba. Joseph Haydn ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterhazy aiki, yana sanye da kayan barorin gidan, kullum sai ya je ya ji abin da yarima ke so a kaɗa. Duk wanda ya san zaman makaɗan fada a ƙasar Hausa ya gane wannan zama. Sarakunan Turai kuwa dangin juna ne, suna auratayya, suna hira da Faransanci, suna sauraron opera da Italiyanci, ko a Landan suke ko a St. Petersburg. Mozart da Jamusanci ya tashi, amma da yawa daga manyan operorinsa da Italiyanci ya yi su. Yankin Bohemiya, ƙasar Cekawa, ya yi suna wajen haifar makaɗa, sai dai duk wanda ya ƙware tattarawa yake yi ya tafi fadar wani, har sunansa ya sauya. Jan Stamic ya zama Johann Stamitz a Mannheim. Ba wanda ya tambaye shi yadda ake kuka a gidansu.

Abubuwan da suka rushe wannan tsari a jere suka zo. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya koya wa mutane cewa ƙasa ta jama'arta ce. Sojojin Napoleon suka bi Turai da yaƙi suna tuɓe rawunan sarakuna, kuma duk inda suka taka sai sun bar mutane da tambaya: in mu ba talakawan wane ba ne, to su wane ne mu? Tun kafin haka wani malami Bajamushe, Johann Gottfried Herder, ya tattara waƙoƙin baka na al'ummai daban-daban ya buga a 1778 da 1779, yana cewa ran kowace al'umma yana cikin harshenta da waƙoƙin talakawanta. Wannan magana ta fi ratsa waɗanda aka daɗe ana gaya musu harshensu na ƙauyawa ne. Sai kuma batun aljihu, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. Masana'antu da jirgin ƙasa sun kwaso mutanen karkara zuwa birane da harshensu a baki. 'Ya'yansu suka zama lauyoyi da likitoci da malamai da 'yan kasuwa, suka sayi fiyano suka ajiye a falo, suka fara yankar tikitin shiga zaure. Mai tsara kiɗa ya yi sabon ubangida, kuma sabon ubangidan nan takensa yake so ya ji. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A nan masu rawa ne suka canza, kiɗa ya bi su.

Akwai kuma wata fa'ida da kiɗa ke da ita a ƙarƙashin mulkin danniya. Jami'in tace rubutu zai iya sa jan alƙalami a kan jarida, ya hana wasan kwaikwayo saboda layi ɗaya. Amma me zai rubuta a rahotonsa game da sautin da babu kalma a cikinsa? Zaure ya cika, kowa ya san abin da ake faɗa, ba kuma wanda za a kama da laifin faɗarsa.

Frederic Chopin, mai tsara kiɗa ɗan Polan, ya bar Warso, babban birninsu, a farkon Nuwamban 1830, yana ɗan shekara 20. Mako huɗu bayan tafiyarsa 'yan Polan suka yi wa Rasha bore, aka murƙushe su a shekarar da ta biyo. A lokacin babu Polan mai 'yancin kanta, don Rasha da Furushiya da Ostiriya sun gama raba ta tun 1795, ba ta dawo ba sai 1918. Chopin ya zauna a Paris, bai sake taka ƙasarsu ba, yana rubuta wa fiyano kiɗa a kan amon raye-rayen gida, mazurka ta mutanen karkara da folonez ta masu sarauta. Mazurka kaɗai ya bar fiye da 50. Robert Schumann, mai tsara kiɗa Bajamushe, ya ce ayyukan Chopin igogi ne da aka binne cikin furanni. Da Chopin ya rasu a 1849 aka rufe shi a Paris, 'yar'uwarsa ta ɗauki zuciyarsa ta kai Warso, inda take har yau cikin ginshiƙin wata coci.

Yanzu a duba abin da ya sami wannan mazurka ɗin a ɗaya gefen. A 1836, shekara biyar da murƙushe boren, aka nuna operar Mikhail Glinka ɗan Rasha a St. Petersburg, Sarki Nikolas na Ɗaya yana zaune a zauren. Labarin wani baƙauye ne, Ivan Susanin, wanda aka ce a 1613 ya yaudari mayaƙan Polan ya ɓatar da su cikin daji don ya ceci sabon sarkin Rasha, su kuma suka kashe shi. Sunan wasan ma Rai Fansa ga Sarki. Glinka ya ba Rashawan cikin wasan kari irin na waƙoƙin ƙauyensu, abin da ya sa wasu 'yan fada suka yatsina fuska suka ce kiɗan masu tuƙa keken doki ne. Mutanen Polan kuwa, maƙiya a labarin, da me ya yi musu shaida? Da mazurka da folonez. Rawa ɗaya, zamani ɗaya, a Paris kukan wanda aka ƙwace wa ƙasa ce, a St. Petersburg tambarin abokin gaba. Tun daga tushe ke nan kishin ƙasa a kiɗa iri biyu ne, na wanda aka danne da na mai danniya, kuma kunne kaɗai ba ya bambance su.

Bayan Glinka wasu samari suka taru wurin Mily Balakirev, da shi su biyar, suka juya wa makarantar koyon kiɗa da Anton Rubinstein ya buɗe a 1862 baya, suna ganin salon Jamus ake cusa wa yara a can. Cikinsu akwai hafsan sojan ruwa, Rimsky-Korsakov, wanda daga baya shi kansa ya zama malami a makarantar, da masanin sinadarai, Borodin, da injiniyan soja, Cui, da Mussorgsky, ma'aikacin gwamnati mai kasa kunne ga hawa da saukar maganar Rashawa yana zuba ta a operarsa Boris Godunov. Amma labarin da ya fi kama ni na Cekawa ne, don su ba su da sarki nasu da zai zauna a zaure ya tafa musu.

Tun da aka ci Cekawa da yaƙi a Farin Dutse a 1620, sarautar Habsburg ta Ostiriya ta ƙara damƙe ƙasarsu, sannu a hankali Jamusanci ya zama harshen ofis da kotu da babbar makaranta da duk mai son ya ci gaba. Harshen Cek ya koma na gona da madafi. Abin ya kai har babban littafin tarihin al'ummar da Frantisek Palacky ya rubuta, da Jamusanci ya fara fitowa a 1836. Cikin wannan hali aka haifi Bedrich Smetana a 1824, ɗan mai dafa giya a garin Litomysl. Da Jamusanci ya yi karatu, da shi yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. Da ya ga ba ya samun shiga a Prag, ya tafi Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 1856, ya yi shekara biyar. Sa'ad da ya ji an sassauta mulki a gida, har za a buɗe gidan wasa da harshen Cek, sai ya dawo yana dab da shekara 40, ya duƙufa koyon nahawun harshen kakanninsa, yana ba da haƙuri a wasiƙa kan kurakuran rubutunsa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan tsuntsu da girmansa ya koyi kukan, da gangan, da wahala. Duk ɗan bokon da ya taɓa durƙusawa gaban kakarsa yana laluben kalmar da ya sani da Turanci ya rasa ta da Hausa, ya san nauyin wannan abu. Ba kuma shi kaɗai ba ne. Sibelius na Finlan da harshen Suwidin ya tashi a gida, Liszt da ya cika duniya da kiɗan Hangari bai iya harshen Hangari sosai ba.

Da aka zo maganar yadda za a yi opera ta Cekawa, sai ra'ayi ya rabu. Wasu manya, ciki har da ɗan siyasa Frantisek Rieger, suna ganin abin da sauƙi: a ɗebo waƙoƙin ƙauye a jera su a dandamali, shi ke nan. Smetana ya ƙi. A ganinsa wannan tsince-tsince ne, ba zai tashi gini ba. Ya ɗauki amon raye-rayen karkara, musamman folka, ya zuba shi cikin dabarun zamani da ya gani wurin Liszt, mafi yawan karin kuma daga kansa ya fito. A 1866 ya kawo opera mai ban dariya, Amaryar da Aka Sayar, labarin dillalin aure da iyayen da ke son aurar da 'yarsu ga wanda ba ta so. Ranar 16 ga Mayu, 1868, da aka aza harsashin gidan wasan nan da duwatsun da aka ɗauko daga tsaunukan da Cekawa ke girmamawa, shi ya wakilci makaɗa, ya ce rayuwar Cekawa cikin kiɗa take. A ranar aka nuna sabuwar operarsa Dalibor, ba da jimawa ba sai ga 'yan'uwansa masu kishi sun taso masa, wai kiɗansa ya yi kama da na Wagner Bajamushe, wai Jamusanci yake shigo musu da shi ta bayan gida. Shekaru suka yi suna neman a tuɓe shi daga jagorancin makaɗan gidan wasa. Duk inda kishin ƙasa ya yi ƙarfi sai ka tarar da masu mudu a hannu, suna auna wane ne ɗan gida na asali, wane ne bare.

A Oktoban 1874 ya kurumce gaba ɗaya. Cikin wannan hali ya rubuta aikin da ya fi kowanne ɗaukaka shi, kiɗa shida a jere da ya kira Ƙasata, daga 1874 zuwa 1879. Na biyunsu, Vltava, cikin kwana 19 ya gama shi. Ina roƙon mai karatu ya nemi wannan kiɗa ya ba shi minti 12. Sarewa ce ke buɗewa, siririn sauti kamar idon ruwa yana tsattsafowa daga dutse, sai wani idon ruwan ya tarar da shi su haɗu, sai masu goge su ɗauki wani kari mai faɗi, mai ɗan maraici, kogi ya kama hanya. Zai ratsa daji ka ji ƙahon mafarauta, ya wuce ƙauye ana bikin aure ana rawar folka, dare ya yi farin wata ya kwanta a kan ruwa, sai ya faɗa cikin duwatsu ya yi ruri ya yi kumfa, daga nan ya fito da faɗinsa ya shiga Prag ta gindin tsohuwar ganuwar Vysehrad, ya yi nisa har ya ɓace. Mutumin da ya tsara wannan bai taɓa jin sa da kunnensa ba. Biyun ƙarshe a jerin, Tabor da Blanik, a kan wata tsohuwar waƙar yaƙi ya gina su, ta mabiya Jan Hus, malamin da aka ƙona a 1415. Blanik kuwa tsauni ne da tatsuniya ta ce akwai mayaƙa suna barci a cikinsa, za su farka ranar da ƙasa ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Babu ɗan Cek ɗin da ke buƙatar tafinta a nan.

To ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wannan kari mai faɗi na kogin, wanda yau Cekawa ke ji kamar an buga takensu, asalinsa ba na Cek ba ne. Masana sun bi sawunsa har zuwa wata waƙar Italiya ta ƙarni na 16 da ake kira La Mantovana, wadda ta yi yawo a Turai tana sauya riga. Akwai ta a wata waƙar Suwidin ta yankin Varmland, a ƙasar da Smetana ya zauna shekara biyar. Akwai danginta a Romaniya, ta can kuma ta shiga taken ƙasar Isra'ila. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan ya rufe, har ya zama tutar masu aron. Abin da na fahimta shi ne, ƙasa ba ta zaune cikin kari tun asali kamar yadda zaƙi ke zaune cikin rake. Mutane ne suke sa ta a ciki, da sunan da aka raɗa wa kiɗan, da wurin da aka fara jin sa, da halin da masu sauraro ke ciki a ranar, da shekarun da aka yi ana maimaita shi a biki da makoki. Wannan bai rage wa abin daraja a idona ba. Ƙara masa ya yi, domin yana nufin mutane ne suka yi shi da guminsu suka kuma zaɓe shi, kamar yadda suka tara kuɗin ginin nan sau biyu.

Shaidar da ta fi kusa da mu a Najeriya daga can ƙuryar arewacin Turai ta zo. Finlan tana ƙarƙashin sarkin Rasha tun 1809 tana cin gashin kanta, sai a Fabrairun 1899 sarki ya fitar da sanarwar da ta tauye wannan 'yanci, aka shiga rufe jaridu. A Nuwamban shekarar aka shirya taro a Helsinki da sunan tara wa 'yan jarida kuɗin fansho, kowa kuwa ya san nuna ƙin amincewa ne. Jean Sibelius ya yi kiɗan taron, kashinsa na ƙarshe shi ya zama Finlandia. A wasu lokuta sai an ɓoye sunan an laƙaba masa wani kafin a kaɗa shi. Karin nan mai natsuwa da ke kusa da ƙarshensa, wanda mutane da yawa suka ɗauka tsohuwar waƙar baka ce, Sibelius ne ya ƙirƙire shi. Finlan ta sami 'yanci a Disamban 1917. Shekara 50 bayan haka, da yankin gabashin Najeriya ya ɓalle a 1967, wannan kari aka ɗauka aka sa masa baitoci ya zama taken Biyafara. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wancan yaƙi mai ɗaci, abin lura shi ne sautin da aka yi wa ƙasar ƙanƙara da tafkuna ya zauna daram a bakin mutanen Enugu, kamar don su aka yi shi.

Antonin Dvorak, shi ma ɗan Cek, ɗan mahauci daga ƙauyen Nelahozeves, ya yi shekaru yana goge cikin makaɗan da Smetana ke jagoranta. Hanyarsa ta fita duniya ta hannun Jamusawa ta bi. Johannes Brahms ne ya ga aikinsa ya haɗa shi da kamfanin ɗab'i na Simrock a Berlin, wanda a 1878 ya buga masa Raye-rayen Silabawa (Silabawa su ne dangin al'ummun da Cekawa ke ciki), suka kuwa yi kasuwa. A nan wani tarko yake. Kasuwar so take ɗan Cek ya zo da kayan ƙauyensu, mai daɗi, mai launi. Abin da Bajamushe ya rubuta sunansa kiɗa kawai, na kowa da kowa, abin da saura suka rubuta kuwa sai an liƙa masa sunan ƙasa kamar kayan tsaraba. Har a kan sunansa sai da Dvorak ya yi jayayya da mai kamfanin, wanda yake son buga Anton irin na Jamusawa a maimakon Antonin. Mawaƙan Afirka da ke fita waje yau sun san irin wannan rumfa da ake ware musu a gefen kasuwa. A 1892 aka gayyace shi New York ya shugabanci wata makarantar kiɗa, Amurkawa suna fatan ya nuna musu yadda za su sami sauti nasu na kansu. Wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, ya riƙa rera masa waƙoƙin ibada da bayi suka bari. A 1893 Dvorak ya gaya wa jarida cewa a kan waƙoƙin baƙaƙen fata ya kamata a gina kiɗan Amurka na gobe. Masu faɗa-a-ji da yawa ba su ji daɗin maganar ba. Mutumin da aka raina harshen uwarsa shi ya hango dukiya a inda masu gida suke kau da kai, kuma ƙarnin da ya biyo baya ya gaskata shi, ta hanyar jaz da duk abin da jaz ya haifa.

Ɗaya irin kishin kuwa ba ya tsallakuwa. Jamusawa ma suna da nasu, sai dai nasu na mai ƙarfi ne, wanda yake ganin sautinsa shi ne mudun awon kowa. A 1850 Richard Wagner ya buga wata muƙala da sunan aro yana cewa Bayahude ba zai iya yin kiɗa na gaskiya mai ratsa zuciya ba, ya kama sunan Mendelssohn, mai tsara kiɗa ɗan asalin Yahudawa, wanda ya rasu shekara uku kafin nan. A 1869 ya sake buga ta da sunansa. Maganar Herder cewa kowace al'umma tana da muryarta ta juye ta koma cewa murya a jini take, wanda ba jininmu ba ba shi da baki a cikinmu. Da 'yan Nazi suka hau mulki suka aiwatar da ita. Aka hana kaɗa Mendelssohn, aka tumɓuke mutum-mutuminsa a Leipzig a 1936, aka fasa na Chopin a Warso a 1940.

Wanda ya fi kowa warware wannan ƙulli, a ganina, shi ne Bela Bartok na Hangari. Da zafin kishi ya fara. A 1903 ya yi kiɗan yabon Kossuth, jagoran boren 1848, yana fita da kayan gargajiyar ƙasarsu. A 1904 ya ji wata yarinya mai raino tana rera waƙar ƙauyensu na Transilbaniya, ya gane abin da ake kaɗawa a gidajen shan gahawa na Budapest da sunan kiɗan Hangari daban yake da abin da manoma ke rerawa. Shi da abokinsa Zoltan Kodaly suka saɓi na'urar ɗaukar murya ta Edison, mai naɗe sauti a jikin kaki, suka shiga ƙauyuka. Ya ɗauki dubban waƙoƙi, ya zauna ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Amma waƙa ba ta san iyakar da 'yan siyasa suka ja ba. Ya tarar da kari yana ƙetarawa daga bakin 'yan Hangari zuwa na 'yan Sulobakiya da na Romaniya, ya juyo da sabuwar kama. Ya bi sawu har Biskra ta Aljeriya a 1913, da Turkiyya a 1936. A wajajen 1920, shekarar da yarjejeniyar Trianon ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, har da garin da aka haife shi, masu zafin kishi suka yi masa ca a jaridu, suna tuhumarsa da rashin kishi don ya tattara waƙoƙin mutanen Romaniya. Bai janye ba. A 1942, yana zaman hijira a Amurka, ya rubuta cewa arzikin kiɗan gabashin Turai daga cuɗanya ya samo asali, al'ummar da ta rufe ƙofa kuwa kiɗanta tsayawa yake yi cik. Kafin ya bar Budapest a 1940 ya bar wasiyya kada a sa wa titi ko fili sunansa a ƙasar muddin akwai mai ɗauke da sunan Hitler ko Mussolini. Mutumin da ya fi kowa sanin waƙoƙin ƙasarsa ke nan.

Shi kuwa Smetana, da operarsa Libuse aka buɗe gidan wasan nan duka sau biyun, wadda ke ƙarewa da hasashen wata sarauniyar tatsuniya cewa al'ummar Cek ba za ta mutu ba. Wata shida bayan buɗewa ta biyu ya rasu a asibitin masu taɓin hankali, ranar 12 ga Mayu, 1884. Kiɗan nan Ƙasata ya ci gaba da aiki bayan mai shi. Sojojin Hitler sun shiga Prag a Maris ɗin 1939. A watan Yuni wani jagoran makaɗa, Vaclav Talich, ya jagoranci kiɗan nan shida a wannan gida da aka gina sau biyu, da aka gama mutane suka miƙe suka kama rera taken ƙasarsu ba wanda ya umarce su. Faifan daren yana nan, ana jin muryoyinsu. Babban bikin kiɗa na bazara a Prag duk shekara ranar 12 ga Mayu yake buɗewa, da Ƙasata. Jagoran makaɗa Rafael Kubelik, wanda ya bar ƙasar a 1948 da 'yan gurguzu suka karɓi mulki ya ce ba zai koma ba sai sun sauka, ya dawo a 1990 bayan shekara 42, tsoho ɗan shekara 75, ya riga ya ajiye aiki saboda ciwon gaɓoɓi. Ya hau dandamali a zauren da ke ɗauke da sunan Smetana, Shugaba Vaclav Havel yana zaune cikin jama'a. Kubelik ya ɗaga hannu, manyan garayun da ke buɗe kashin farko suka fara magana.